Sandar da Ke Cikin Mabel

Deptford, London
3 ga Maris, 1983

Kawu Vic,

Gaisuwa mai tarin yawa daga Josie, 'yar ƙanwarka Pauline. Ina fatan kana lafiya, kuma sanyin Aberdeen bai gama cinye maka gwiwa ba. Ni ƙalau nake, ban da yatsuna da suka yi bororo. Mama ma lafiya, sai dai tun Kirsimeti ba ta yi mini magana, saboda gashina. Na aske gefe da ƙeya, na bar zanko inci shida a gaba, na rina shi ruwan lemo. Ta ce na yi kama da zakaran da ya faɗa bokitin fenti.

To ga maganar, gara ka ji daga bakina. Na sace Mabel.

Shekara nawa ƙatuwar bas ɗinka, uwar jitar nan da ake kaɗawa a tsaye, tana jingine a ɗakin baya na gidanmu a Gravesend, Mama tana rataye mata riguna a wuya? Bara na ɗauke ta a motar mai kifi. Ta fi ni tsayi, ta fi ni ƙugu, amma mun saba. Mu uku ne a ƙungiya: Fergal yana waƙa da jita, Nobby yana ganga, ni ina marin tsirkiyoyin Mabel. Sunanmu Jemagun Deptford.

Kiɗanmu naku ne na rokabili, sai dai mun zuba masa barkonon pank. Gudunsa ya ninka naku, kuma waƙoƙin ba na 'yan mata da motoci ba ne, na fatalwa ne da dodannin sararin sama. Ana ce masa saikobili. 'Yan rokabili sun kore mu daga zaurensu, wai mun zagi iyayensu. 'Yan pank kuma suka ga Mabel suka ce wa ya kawo akwatin gawa. Yanzu muna da namu mutanen, masu zanko irin nawa, suna rawa kamar ana rabon faɗa.

Wani ƙaramin kamfani ya ba mu kwana uku a sutudiyo daga Litinin 11 ga Afrilu, mu yi faifai cikakke. Ba na son in shiga da ita a sace. Ka yarda?

'Yarka,
Josie

Aberdeen
12 ga Maris, 1983

Josie,

Na amsa gaisuwarki. Gwiwa tana nan tana gunaguni, ni ina nan ina yi mata banza. Gobe zan koma teku, kan dandamalin haƙar mai, don haka ki riƙa aiko wasiƙa can. Maganar gashi kuwa, ƙyale Pauline. Lokacin da nawa zankon yake tashe, ita ce take ɓoye mini man gashi a ƙasan gado. Yanzu ko na so, babu abin da zan tayar.

Ɓarauniya! Na karanta wasiƙarki a tsaye, na zauna, na sake karantawa. Fatalwa? A kan Mabel? Baiwar Allah da ta yi kiɗa a bikin aure ya fi hamsin ba ta taɓa jin ashar ba?

Amma zauna ki ji abin da uwarki ba ta gaya miki ba. A 1958 mu huɗu ne, ni da Ronnie Stubbings da Alf Catchpole da Dennis ɗan mai burodi. Wani mutum ya ji mu a bakin teku a Margate, ya ce mu zo London ranar Litinin 14 ga Afrilu mu yi faifai. Ronnie har ya sayi sabon takalmi. Sai takardar aikin soja ta zo mini, wai in bayyana ranar Alhamis, kwana huɗu kafin Litinin ɗin. Suka ƙi zuwa ba ni. Da na dawo bayan shekara biyu, Alf ya yi aure, Dennis ya gaji gidan burodi, mutumin kuma ya manta sunanmu. Mabel ba ta taɓa shiga faifai ba. Abin nan yana ci mini rai har yau, ba zan ɓoye miki ba.

Don haka na yarda. Ki shiga da ita, ko da waƙar aljanu ce. Amma kada ki hau kanta kina kiɗa, na san halin yaran yanzu. Kada ki jingina ta kusa da hita mai ɗumama ɗaki. Kuma ki canza mata tsirkiyoyi kafin ranar, waɗannan sun girme ki.

Idan wani abu ya same ta, kada ki ƙara kira na Kawu.

Vic

Deptford
22 ga Maris

Kawu na kaina,

Ina gaisuwa, ina kuma tsalle. Kowa lafiya, sai Nobby da mura, wadda ba ta rage masa ƙarfin duka ba ko kaɗan. Na karanta musu labarinku na 1958. Fergal da bakinsa ba ya rufuwa ya ce, “Kai, wannan tsohon an cuce shi.” Na ce tsoho ubanka.

Na bi umarninka. Jiya na kwance tsirkiyoyin nan huɗu gaba ɗaya, kamar yadda Fergal yake yi wa jitarsa, na cire jakin da ke ɗauke da su, na yi wa Mabel wanka irin wanda ba ta taɓa gani ba. Kawu, ashe launin zuma gare ta!

Har cikinta na share maka. Na ji wani abu yana gungurawa, sai ni da Nobby muka kife ta muka yi ta girgizawa har komai ya fito ta ramin nan mai lanƙwasa. Ga abin da ka ajiye shekara ashirin da biyar: tikitin motar bas na Gravesend, mataccen malam-buɗe-littafi, maɓallin riga, da wani guntun sandar tsintsiya mai tsawon tafin hannu. Sandar tsintsiya, Kawu! Me kuke yi ne a zamaninku? Tikitin na ajiye maka. Sandar Nobby ya dama fenti da ita, muka jefa a shara.

Sababbin tsirkiyoyi za su iso ranar Talata mai zuwa, na ƙarfe, masu ƙarfi. Zan ɗaure su tam. Ka ga yadda nake kula da ita?

Josie

Tekun Arewa
26 ga Maris

Josie,

Lafiyata ƙalau har zuwa minti goma da suka wuce.

KADA KI ƊAURE TSIRKIYAR NAN. Ko ɗaya. Sandar da kika jefar ba shara ba ce, ginshiƙi ce. Tana tsaye ne a ciki, tsakanin ƙirjin Mabel da bayanta, ba manne ba ƙusa, nauyin tsirkiyoyi kawai ke riƙe ta. Shi ya sa ake canza su ɗaya bayan ɗaya. In kin kwance duka, sai ta faɗi. In kin ɗaure ba ita, ƙirjin zai lotsa ya tsage. Na ce ki canza, ban ce ɗaya ɗaya ba, don ban taɓa tunanin akwai mai riƙe bas a duniya da bai san wannan ba. Laifina ne. A'a, laifin Fergal ne da jitarsa.

27 ga wata. Hazo ya rufe mu, jirgi mai saukar ungulu bai zo ba. Wasiƙar nan tana aljihuna.

28 ga wata. Na roƙi mai rediyo ya haɗa ni da Pauline, tunda gidan da kuke kwana ko waya babu. Na ce ta je Deptford ta gaya miki. Ta ce, “Vic, in tana son saƙo ta zo da hula a kan gashin nan.” Na ce maganar rai da mutuwa ce. Ta ce na wa? Na ce na Mabel. Ta ce dama tana neman inda za ta rataye rigunanta, ta ajiye waya.

30 ga wata. Har yanzu ko hannuna ba na gani a waje. Talatar ta wuce jiya. Na kasa cin ƙwai da safe, har mai dafa abinci ya tambaya ko an yi mini rasuwa.

Vic

Deptford
29 ga Maris

Kawu,

Ina gaisuwa. Ina fatan kana lafiya. Ni jikina lafiya.

Ban san yadda zan fara ba. Tsirkiyoyin sun zo yau da safe. Na mayar da jaki, na ɗaure su. Da na mari ta farko, sai na ji kamar na bugi jiƙaƙƙen kwali. Muryar nan da ke girgiza kofuna a kan tebur babu ita. Fergal ya ce, “Ƙara ja, sababbi ne, sai sun miƙe.” Na ƙara. Sai na ji ƙas.

Kawu, ta tsage. A ƙirji, ƙasan ƙafar jaki ta wajen siririyar tsirkiya, tsawon tafin hannuna. Na sassauta komai nan take, na kwantar da ita a kan katifata, ni na zauna a ƙasa. Nobby ya haɗa mini shayi da sukari cokali huɗu, ban sha ba.

Ban hau ta ba, ban kai ta kusa da hita ba. Ban san abin da na yi ba, amma ni na yi. Shekara ashirin da biyar tana jira lafiya, na zo na kashe ta saura kwana goma sha uku. Ka faɗi duk abin da ka ga dama, na cancanta.

Josie

Deptford
4 ga Afrilu

Kawu, ko Mista Gathercole in haka ka fi so yanzu,

Ina gaishe ka duk da haka. Ista ta wuce, ban ci ko ƙwan cakulan ɗaya ba.

Shirunka ya ishe ni amsa. Kullum ina tsaye a ƙofa kafin ma'aikacin gidan waya ya iso, har ya fara tsallaka titi in ya hango zankona.

Fergal ya aro bas ta lantarki, irin mai rataya a wuya. Ya ce, “Josie, bas bas ce, wa zai gane?” Na ce kowa zai gane. Kiɗan nan namu ba komai ba ne in babu ƙarar tsirkiya tana dukan katako, tak-tak-tak, kamar kwarangwal yana gudu a kan kwano. In ka cire wannan, mun zama 'yan pank masu gashin banza. Mun yi faɗa, na jefe shi da biredi.

Na gaya musu ba Mabel ba ni. Saura mako guda. Ba don faifan nake baƙin ciki ba, don kai ne.

Josie

Tekun Arewa
5 ga Afrilu

'Yata Josie,

Lafiya lau, har na ci ƙwai uku. Jirgi ya sauka yanzu da wasiƙarki ta 29, kuma zai tashi nan da awa ɗaya, don haka ki yi haƙuri da rubutun. Da na zo da kaina, amma wanda zai canje ni ya karya ƙafa a wasan ƙwallo, an ƙara mini mako biyu. Wani abokin aikina zai sa wannan ƙunshin a gidan waya yau. Ki fara karanta tsohuwar wasiƙar da ke ciki, wadda hazo ya riƙe, sannan ki dawo nan.

Kin karanta? To share hawayenki ki ji abin kunya.

Ƙasan ƙafar jaki, wajen siririyar tsirkiya, tsawon tafin hannu. Josie, wannan tsagewar ta girme ki. Ni na yi ta. A 1957, mako biyu da sayen Mabel, na kwance tsirkiyoyi huɗu gaba ɗaya don in goge ta in burge wata yarinya. Na ji abu yana gungurawa, na girgizo shi, na ba karen Alf ya yi wasa da shi. Na ɗaure, na ji ƙas. Wani tsoho mai gyaran fiyano ya kira ni jaki a gaban mutane, sannan ya koya mini gyara. Na manne tsagar, na shafe ta da man takalmi. Ginshiƙin kuwa, kin taɓa tambayar kanki me ya sa sandar tsintsiya ce? Tsintsiyar kakarki ce. Har ta rasu tana mamakin yadda aka yi ta gajarce.

Abin da kika ji tsohon manne ne ya saki. Ba ki kashe kowa ba. Gado ne kawai, haka muke a gidan nan.

A ƙunshin akwai sabon ginshiƙi. Kwanakin hazon nan na yanko shi daga sandar abin goge ƙasa na kantin cin abincinmu, na fere, inci bakwai da rabi, tsawon da ba zan manta ba har kabari. Akwai cokali mai yatsu da na lanƙwasa, na bar masa yatsa ɗaya mai kaifi. Ki sayi mannen fata wurin masu gyaran kujeru, ba na roba ba, ki narka a kwalbar jam cikin ruwan zafi, ki cusa a tsagar da yatsa, ki bar ta kwana biyu. Sannan ki kwantar da ita rigingine, ki soka ginshiƙin a cokalin, ki ɗaura masa zare don in ya faɗi ki jawo, ki zura ta ramin, ki tsayar da shi yatsa ɗaya ƙasa da ƙafar jaki. Zai faɗi. Zai sake faɗi. Ki yi ashar in kina so, Mabel ta ji nawa a 1957, ƙarya na yi miki da na ce ba ta taɓa ji ba.

Sannan ki ɗaure a hankali. Ɗaya bayan ɗaya, don girman Allah.

Kawunki har gobe,
Vic

Deptford
14 ga Afrilu, 1983

Kawu! Kawu! Kawu!

Gaisuwa, lafiya, kowa ƙalau, yatsuna sun fashe, ban damu ba. Wasiƙata ta 4 ga wata, in ta iso, ka jefa ta teku.

Karen Alf! Na yi dariya har na zauna a kan matakala, ma'aikacin gidan waya ya tsaya yana tambaya ko lafiya.

Ƙunshin ya zo Alhamis. Manne ranar, jira Juma'a da Asabar, Lahadi da safe aka fara yaƙi. Nobby yana riƙe tocila, Fergal yana ba da shawarar da ba wanda ya nema. Sau goma sha bakwai ya faɗi. A na goma sha biyu Fergal ya ce, “Kawo in gwada.” Na ce, “Taɓa ta ka ga yadda ake cin cokali.” A na goma sha takwas na ji ya zauna, wani ɗan ƙyas mai daɗi. Na ɗaure, ɗaya bayan ɗaya, ina riƙe numfashi. Na mari babbar tsirkiya. Kofin shayin Nobby ya yi tafiya da kansa ya faɗo daga tebur.

Sutudiyon wani ɗaki ne a ƙarƙashin gadar jirgin ƙasa, in jirgi zai wuce sai a dakata. Mun yi waƙa goma sha huɗu, duka tare muke bugawa, ba gyara ba faci. Mai ɗaukar sautin, wani mai gemu da rigar ulu, ya tsayar da mu tun a ta farko. Ya ce, “Akwai wani zzz a bas ɗin nan, kamar ƙudan zuma a gwangwani.” Tsagarka ce, Kawu, in na mare ta da ƙarfi sai ta yi gurnani. Ya ce zai iya ɓoye shi. Muka saurara, muka kalli juna. Nobby ya ce, “Malam, ƙara shi.” Mutumin ya dafe kai, ya ƙara.

Abu ɗaya ban gaya wa kowa ba. Kafin in zura ginshiƙin na ga rubutun fensir a jikinsa, ƙanana ƙanana. Ronnie, Alf, Dennis, Vic. 14.4.58. Ba ka ambata ba a wasiƙarka, ka ɗauka ba zan lura ba. Na lura. Duk kwana ukun nan ina kiɗa na san kuna tsaye a ciki ku huɗu, kuna riƙe mata ƙirji.

Duba kwanan watan da ke saman wasiƙar nan. Da gangan na jira yau.

Josie

Tekun Arewa
18 ga Satumba, 1983

Josie,

Gaisuwa gare ki da Nobby, har da Fergal. Gwiwa ta yi sauƙi. Pauline ta rubuto, wai ta ga hotonki a tagar shagon faifai a Gravesend, ta shiga ta gaya wa mai shagon ita ta haife ki. Ta ce har yanzu gashin abin kunya ne, amma ki zo cin abincin Lahadi. Ba ta ambaci hula ba.

Kin ce samari daga Hamburg da Utrecht suna rubuto miki suna tambayar sirrin gurnanin, har wani ya tsaga tasa bas da gangan. Ki gaya musu su daina. Ki ce sirrin shi ne wawaye biyu a gida ɗaya. Shugaban masu shara kuma har yau yana neman wanda ya gajarta masa sanda, yanzu a sunkuye yake goge kantin. Zan saya masa sabuwa, ba zan ce don me ba.

Faifan ya iso ranar Laraba, bai fashe ba. Na sa shi a kantin lokacin abincin rana, gaban mutum arba'in. Zan gaya miki gaskiya: ihu ne. Fergal yana waƙa kamar an taka masa yatsa, kuma ban gane dalilin da zai sa fatalwa ta tuƙa babur ba. Wani ɗan Glasgow ya ce a kashe, mai dafa abinci ya ce wanda ya taɓa ba zai ci kayan zaƙi ba. Kafin waƙa ta uku ana buga cokula a tebur.

Ni ban ji Fergal ba. Ita nake ji. A ƙarƙashin duk haukan nan ga ta nan tana tafiya, muryar da na sani tun ina ɗan shekara goma sha takwas, har da tsagata. Sai na juya bangon faifan don in sami abin kallo, kada a ga fuskata. Nan na ga abin da kika yi. Ƙarƙashin sunayenku uku, da ƙananan baƙaƙe: “A cikin bas: Ronnie Stubbings, Alf Catchpole, Dennis Pye, Vic Gathercole.”

Na fita waje na tsaya a iska, na ce wa mutane barkono ne ya shiga mini ido.

Kada ki mayar da Mabel ɗakin baya, taki ce. Cokalin ma ki riƙe, wata rana wani naki zai kwance huɗu gaba ɗaya.

Ki aiko mini da faifai uku. Dennis yana nan a gidan burodi, Alf yana Margate da jikoki. Ronnie ya rasu shekara shida ke nan, amma matarsa ta taɓa gaya mini takalmin nan yana cikin kwalinsa, bai taɓa sa shi ba. Zan kai mata da hannuna, in ce mata mun makara kaɗan, amma mun je.

Kawunki,
Vic